Makullin Mota a Cikin Firiji

Yawancin mutanen garin Negaunee ta ƙeya suka fara sanin Noreen Salmela. Shekara da shekaru ke nan tana tuƙa doguwar motar nan mai ruwan ɗorawa da ke kai yara makaranta, har waɗanda ta fara ɗauka suna da majina a hanci yanzu su ne ke tsayawa a bakin titi suna miƙa mata nasu 'ya'yan. Sun san hularta ta ulu, sun kuma san yadda take ɗaga ido ta madubi idan surutu ya yi yawa a baya. Kaɗan ne daga cikinsu suka san abin da take yi tsakanin sauke yara da safe da komawa ɗauko su da yamma.

A wannan tsakanin waƙa take naɗa, a cikin kicin ɗin gidan da aka haife ta.

Tun tana budurwa ta koyi kaɗa jita. Ta yi wasa a wuraren biki da mashayun garuruwan da ke bakin babban tafki, ta kuma taɓa tafiya birnin Minneapolis tare da wasu abokanta, bisa alkawarin ba za su dawo ba sai sun yi suna. Ɗaya bayan ɗaya suka dawo. Ita ta dawo ne a shekarar da mahaifiyarta, Elma, ta kwanta ciwon ajali, kuma ba ta sake tafiya ba. Ta karɓi aikin tuƙi, ta sayi makirfo guda ɗaya mai kyau, ta haɗa shi da wata tsohuwar kwamfuta. Duk lokacin da waƙoƙi suka taru suka yi yawan da za a kira su kundi, sai ta ɗora su a shafinta na intanet, ta rubuta a ƙasa cewa duk mai so ya sauke, kyauta ne. Masu saukewar ba su da yawa, kuma ba ta san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Hakan bai taɓa sa ta yi wa aikin riƙon sakainar kashi ba.

Duk wanda ya taɓa naɗar sauti a gida ya san cewa gida ba ya yin shiru. Kunne yakan saba da ƙarar gidansu har ya daina jin ta, amma makirfo ba ya sabawa da komai. Saboda haka kafin Noreen ta taɓa tsirkiya, sai ta sauke agogon bango ta danne shi da matashi, ta kashe na'urar ɗumama ɗaki, ta rataya barguna a taga da bayan kujeru. Daga ƙarshe sai ta durƙusa ta zare wayar firiji daga bango.

Firijin ne babban abokin gabarta. Tsoho ne, kore mai duhu, an saye shi a shekarar da aka haifi yayanta Wendell, kuma yana da wani gurnani na ƙasa-ƙasa wanda ke ratsa katakon daɓe ya hau ƙafar makirfo. Wata shekara ta zare shi ta manta ba ta mayar ba, ta tafi bikin wata ƙawarta a wani gari, ta dawo ta tarar naman barewar da Wendell ya harbo ya ba ta ajiya ya zama abin da ba a faɗa. Tun daga ranar ta ɗauki dabarar da masu wannan sana'a suke koya wa juna: idan ta zare wayar, sai ta buɗe firijin ta ajiye makullin motarta kusa da man shanu. Ba za ta iya barin gida ba sai ta buɗe shi, idan ta buɗe kuwa duhun cikinsa zai tuna mata. Ba ta sake ɓata ko kofin madara ba. Wendell dai bai manta da barewarsa ba.

Mahaifinsu, Arvo, a gidan yake tare da ita. Ya yi aiki a ramin haƙar tama har ƙarfinsa ya ƙare, mutum ne mai faɗin kafaɗa wanda bai taɓa yawan magana ba. A hunturun bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya tafi da hannunsa na dama, ya kuma kwashe masa kalmomi. Abin da ya bar masa a baki shi ne, "Ya isa." Da shi yake gaisuwa, da shi yake godiya, da shi yake neman ƙarin kofi, da shi kuma yake cewa kofin ya ishe shi. Mai zama da shi sai ya koyi rarrabe ma'anar daga fuskarsa.

Ga Noreen kuwa kalmar tana da tsohon tabo. Lokacin da take yarinya tana koyon jita a ɗakinta na sama, Arvo yakan dawo daga aiki a gajiye, ya ɗauki sandar tsintsiya ya bugi rufi daga ƙasa ya ce, "Ya isa." Ranar da ta gaya masa za ta tafi Minneapolis, abin da ya ce ke nan, ya tashi ya fita. Bai taɓa zuwa ya ga wasanta ba, ko sau ɗaya.

Amma shi kansa yana da waƙa. Guda ɗaya ce, shi ya ƙirƙire ta domin Elma tun suna sababbin aure, kuma a kicin ɗin nan kaɗai yake rera ta, yana zaune yana kwance igiyar takalmi bayan ya taso daga aiki. Noreen ta ɗauka ciwon ya tafi da ita tare da sauran kalmomi. Sai wata safiya tana saukowa daga sama ta ji shi a kujerarsa ta bakin taga yana rera ta daga farko har ƙarshe, babu kalmar da ta faɗi. Likita ya ce hakan yana faruwa, wai hanyar da waƙa ke bi a ƙwaƙwalwa daban take da ta magana. Ya kuma ce kada a yi tsammanin za ta daɗe a buɗe.

A ƙarshen bazara Arvo ya faɗi a kan matakala. Bai karye ba, amma 'ya'yansa suka zauna suka yanke shawarar da ba wanda ya so ta. Gidan Wendell da ke garin Appleton ba shi da bene, matarsa Paulette kuma ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Aka tsayar cewa Wendell zai zo ya ɗauke shi kafin dusar ƙanƙara ta fara. Noreen ba ta yi gardama ba. Abu ɗaya ta ƙudura: kafin mahaifinta ya bar gidan, sai ta naɗi waƙar nan da muryarsa, ta sa ta a ƙarshen sabon kundin da take haɗawa. Ta san idan ya tafi ba ta samu ba, ba za ta sake samu ba.

Ranar farko a gabansa ta shirya komai, ba ɓoye-ɓoye. Ta sauke agogo, ta rataya barguna, ta zare wayar firiji, ta ajiye makulli a mazauninsa. Kicin ya yi tsit. Ta matso da makirfo kusa da kujerarsa, ta tsuguna a gabansa.

"Baba, waƙar Mama nake so. Ba sai ka gyara murya ba, yadda ka saba kawai."

Ya dubi makirfo, ya dube ta. Ya buɗe baki, leɓɓansa suka motsa kamar ƙafar da ke laluben matakala. Can ya ce, "Ya isa."

"Ko in fara maka, sai ka karɓa?"

Ta kaɗa jita, ta rera layin farko, ta dakata. Ya juya fuskarsa ga taga.

Ta ce wa ranta makirfon ne ya tsorata shi. Kashegari ta ɓoye shi a bayan kwandon burodi, ta yi sauran shirye-shiryenta a natse kamar mai share-share, ta zauna tana feraye dankali tana jira. Bai ce uffan ba har lokacin tafiyarta ya yi. Ta gwada da hantsi, ta gwada bayan ya ci abincin rana, ta gwada da hoton Elma a kan tebur. Kowane lokaci takan shirya masa shiru mai tsabta, irin wanda ba ta taɓa yi wa nata waƙoƙin ba, kowane lokaci kuma yakan zauna a cikinsa yana kallon hannunsa.

Wata rana ta gama gwadawa, ta ɗauki makullinta, ta mayar da wayar firiji, ta fita. Ta kai bakin mota ke nan sai ta tuna ta bar safar hannu. Da ta dawo ta kama mariƙin ƙofa, sai ta ji shi daga ciki yana rerawa, muryarsa a sake, kamar babu abin da ya taɓa samunsa. Ta daɗe a tsaye. Ba ta shiga ba, ta tafi ta yi tuƙin ranar da hannu tsirara.

Da yamma ta kira yayanta.

"Yaya, da gangan yake yi."

"Auta, mutumin da ba ya iya cewa a miƙo masa gishiri, shi ne zai zauna ya shirya miki makirci?"

"Ina fita yake farawa. Da kunnena na ji."

"To ki kunna waya mana, ki jefa masa a aljihun riga, ki yi tafiyarki."

"Da agogo yana bugawa, firiji yana gurnani? Ba shara nake tarawa ba."

Wendell ya yi dariya. "Ji ta. Abin da za ki rabar kyauta, shi ne sai ya fi na kanti tsabta."

"Don kyauta ne shi ya sa. Ba zan miƙa wa mutane muryar Baba da datti a jikinta ba."

"To, ranki ya daɗe. Ni dai ran Juma'a ina tafe, Asabar da safe mu kama hanya. Paulette ta riga ta gyara masa ɗaki."

Da ta ajiye wayar, abin da ba ta faɗa wa Wendell ba ya zauna mata a ƙirji. Ta gaskata cewa mahaifinta bai yafe mata jitar nan ba. Ciwo ya kwashe masa kome, ya bar masa kalmar da yake tsawata mata da ita, kuma ga shi har yanzu yana amfani da ita a inda ya saba.

Ranar Juma'a bayan azahar ta yi gwaji na ƙarshe. Akwatunansa suna jere a falo. Ta yi duk abin da ta saba yi, ta roƙe shi sau ɗaya, ya ba ta amsar da ya saba bayarwa. Ba ta ko sauke bargunan ba. Ta ɗauki kofinta ta fita ta ƙofar baya, ta zauna a kan dakali tana kallon ganyen da iska ke tarawa a gindin shinge.

Tana nan zaune ta ji a-kori-kurar Wendell ta tsaya a gaban gida. Ya iso da wuri. Ba ta tashi ba. Ta ji ya shigo ta ƙofar gaba, ta ji takunsa mai nauyi har kicin.

"Baba, barka da hutawa. Wannan gemun fa? Sai mun je Paulette ta yi maganinsa."

"Ya isa."

"Yauwa, ni ma na yi kewarka."

Sai ƙarar buɗe firiji, sai ɗan shiru, sannan muryarsa ta ɗago. "Auta, kina ina? Har yanzu makulli kike sanyayawa? Allah ya jiƙan barewata. Madarar nan ta fara ɗumi, ke ba kya tausayin baƙon da ya sha hanya."

Ta tashi domin ta hana shi taɓa mata kaya, amma kafin ta buɗe ƙofa ya riga ya sunkuya ya mayar da wayar. Firijin ya girgiza, kwalaben cikinsa suka yi ƙara, gurnanin nan ya tashi ya cika ɗakin.

Tana tsaye a bakin ƙofa ta ga mahaifinta ya ɗago kai. Baki a rufe ya fara, wani amo mai kauri ta hanci, ya ɗan hau, ya ɗan sauka, har ya zauna a wuri ɗaya. Sannan ya buɗe baki.

"Elma, ajiye mini gefen tanda,
Ga ni tafe da jar ƙasa a takal…"

Hannuwan Noreen sun riga tunaninta. Ɗaya ya danna maɓallin naɗi a kwamfuta, ɗayan ya kai ga bango ya fizge wayar firiji, kamar yadda ya yi shekara da shekaru. Gurnanin ya mutu. Kalmar ta yanke a bakin Arvo. Leɓɓansa suka ci gaba da motsi babu sauti, idanunsa suna yawo a ɗakin kamar wanda aka janye wa sanda yana tsakiyar tafiya.

"Ya isa," in ji shi, da wata ƙaramar murya.

Wendell yana tsaye da kwalin madara a hannu. Ya dubi wayar da ke hannun ƙanwarsa, ya dubi mahaifinsu, ya sake duban wayar.

"Auta, mayar da abin nan."

"Zai shiga cikin naɗin."

"Na ce ki mayar."

Ta mayar. Firijin ya yi ƙas, ya yi shiru. Haka halinsa yake, idan an zare shi yana cikin aiki ba ya tashi nan take, sai ya huta. Su uku suka yi ta jira.

A cikin wannan jiran Noreen ta bi bayan kwanakin da suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Safiyar da ta fara jin sa daga sama, firijin yana aiki. Ranar da ta dawo ɗaukar safar hannu, ita da kanta ta mayar da wayar kafin ta fita. Ta koma can baya, ta gan shi da ƙuruciyarsa a kan wannan kujera yana kwance igiyar takalmi, firijin yana sabo a kusa da shi. Arvo bai taɓa mallakar abin kiɗa ba. Daga wannan gurnanin yake ɗaukar amon da zai fara da shi, watakila shi kansa bai taɓa sani ba. Ciwo ya toshe masa kowace hanya ya bar wannan siririn zare, ita kuwa kullum sai ta tsinke shi da hannunta, sannan ta tsuguna ta ce ya yi mata waƙa.

Ta jawo kujera ta zauna.

"Ko ya mutu ne?" Wendell ya tambaya a hankali.

"Fushi yake yi. Ka bar shi."

"Duk gidan nan halinku ɗaya."

Ta duba kwamfuta ta ga jan haske yana nan, naɗi yana tafiya. Ta ɗauki jita ta ɗora a cinya.

Firijin ya yi ƙas a karo na biyu, ya girgiza, ya tashi.

Arvo ya lumshe ido. Amon ya sake fitowa ta hancinsa yana neman wurin zama. Noreen ta taɓa tsirkiya a hankali, nan take ta ji ba su dace ba. Gurnanin firijin bai faɗa a kan kowane amo da jita ta sani ba, a tsakanin biyu yake. Duk kwanakin da ta yi tana kaɗa masa mafarin waƙar, sama da inda yake take kaɗawa. Ta sunkuyar da kai, ta sassauta tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya har suka sauko suka same shi. Sannan ya fara, daga farko.

"Elma, ajiye mini gefen tanda,
Ga ni tafe da jar ƙasa a takalmi.
Kar ki share ta, bar ta ta kwana,
Ita ce shaida cewa na dawo."

Ya bi baitocin duka, da wanda ke maganar fasti, burodin nan mai nama da dankali a ciki, wanda Elma take naɗe masa a tawul domin kada ya huce kafin ya kai ƙasan rami, da wanda ke maganar tafki idan ya daskare. A wani wuri muryarsa ta karye, ya ja numfashi ya ci gaba. Noreen ta bi shi a baya, ba ta yi gaba ba ko sau ɗaya. Wendell bai motsa ba daga inda yake, kwalin madara yana hannunsa a sama, yana tsoron ya ajiye shi ya yi ƙara.

Da waƙar ta ƙare, Arvo ya buɗe ido ya dubi jitar, sannan ya dubi 'yarsa. Ya gyaɗa kai sau ɗaya.

"Ya isa."

Ta bar naɗin ya ɗan ci gaba, sannan ta tsayar. Wendell ya ajiye madarar, ya juya baya yana neman kofi a inda ya san ba a ajiye kofuna.

"Ke," in ji shi, ba tare da ya juyo ba, "ba yanzu ake tashin 'yan makaranta ba?"

Ta buɗe firijin, haskensa yana ci. Ta ɗauki makullin, ya yi sanyi ƙalau a tafin hannunta, ta fita da sauri.

Da yamma suna cin fasti ta ajiye cokali mai yatsu ta ce, "Firijin nan zai bi ku."

Wendell ya daina tauna. "Wane firiji?"

"Guda nawa ka gani a gidan?"

"Auta, Paulette za ta kore ni tare da shi. Namu sabo ne, ko tari ba ya yi."

"Shi ya sa."

"A ina zan sa wannan dodon?"

"Kusa da inda Baba zai riƙa zama. Ka gaya mata magani ne, ita ta san magani ba ya da kyan gani."

"Ke kuma fa? A ina za ki sa madara?"

"Sanyi ya shigo. Dakalin baya ya fi shi aiki."

Wendell ya dubi mahaifinsu kamar mai neman agaji. Arvo yana ta fama da fastinsa da hannun hagu, bai ɗago ba.

Asabar da safe suka kwashe abin da ke ciki, suka tura shi a kan katako har bayan a-kori-kura, Wendell yana nishi yana ambaton bayansa da shekarunsa. A tsaye suka ɗaure shi, Noreen ta lulluɓe shi da bargunan da take ratayawa a taga. Aka zaunar da Arvo a gaba. Ta leƙa ta taga domin ta gyara masa abin wuya, sai ya kama wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya, ya riƙe da ƙarfin da ba ta san yana da saura ba. Ya faɗi kalmarsa.

"Na ji, Baba," in ji ta.

Ta tsaya a bakin titi har bargon da ke saman firijin ya sha kwana.

Ranar Lahadi ta zauna ta haɗa kundin. Kicin ya yi shirun da ta shafe shekaru tana nema, babu abin zarewa, babu inda za ta ajiye makulli, sai murabba'in daɓe mai haske a inda firijin ya tsaya. A cikin kwamfutarta akwai dabarar da ke tsame irin wannan gurnani daga naɗi. Ta gwada sau ɗaya domin ta ji. Gurnanin ya ɓace, amma ya tafi da kaurin muryar Arvo, ya bar wani tsoho siriri yana waƙa a wurin da ba kowa. Ta mayar da shi yadda yake. Ba ta yanke kalmar nan tasa ta ƙarshe ba, da ita ma ta raɗa wa kundin suna. A wurin sunayen waɗanda suka yi aiki ta rubuta nata, da na Arvo Salmela, da firijin gidansu. Ta ɗora, ta rubuta abin da ta saba rubutawa, cewa duk mai so ya sauke.

Masu saukewa suka zo kaɗan-kaɗan kamar kullum. Wani mai kirki daga cikinsu ya rubuto cewa waƙar ƙarshe ta sa shi kiran mahaifinsa, ya ƙara da cewa ya ji wata 'yar ƙara a ƙasanta, idan tana so zai share mata ita ba da ko sisi ba. Ta gode masa ƙwarai, ta ce a bar ta.

Wendell dai bai kira ba. Dama ya ce sai firijin ya kwana a tsaye kafin a kunna shi, saboda girgizar hanya, kuma tsohon inji ba ya son ƙaura. Noreen ta yi tuƙin Litinin da safe, ta dawo, ta ɗauko madara daga dakalin baya, ta haɗa kofi. Tana zaune tana juya makullin a kan tebur wayarta ta yi ƙara.

"Auta, kin ja mini. Paulette ta ce ko ni ko shi."

"Ya tashi?"

"Ta zaɓe shi. Ni ne zan koma gareji."

"Yaya, ya tashi ko bai tashi ba?"

"Yi shiru mana, ki saurara."

Ta ji takunsa, ta ji ya buɗe wata ƙofa. Sai gurnanin nan ya zo ta cikin waya, siriri saboda nisa, amma shi ne. A ƙarƙashinsa wani amo yana fitowa ta hanci, ya ɗan hau, ya ɗan sauka, yana neman wurin zama.

Noreen ta maƙale wayar a kafaɗa, ta miƙa hannu ta jawo jitar. Tsirkiyoyin suna nan a sassauce, yadda ta bar su tun ranar Juma'a.